Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Yadda Na Tsara Sauti da Hoto a Sabon Gidanmu

Ranar da magina suka ɗora bulo na ƙarshe a gidan da nake ginawa a wajen Arkilla, a Sakkwato, mai aikin wuta ya iso da hantsi da guntun gawayi a hannunsa, ya shiga bin ɗakuna yana yi wa bango alama: nan soket, nan makunni, can fanka. Da ya iso falo sai ya zana da'ira a tsakiyar bangon kudu, ya juyo ya ce, "Alhaji, nan talabijin za ta zamna ko?" Na roƙe shi ya dakata da sassaƙar bango har mako mai zuwa, domin akwai shawarar da nake so mu yanke tukuna. Ya dube ni da mamaki, kuma ban ga laifinsa ba, saboda a yawancin gidajen da ya yi wa aiki maganar talabijin ba ta wuce soket ɗaya da 'yar kafar da wayar setalayit za ta shigo ba.

Abin da na gani a gidan yayana ne ya sa na tsaya a kan wannan magana. Ya gama gininsa tsaf, an yi filasta, an shafa fenti, an shimfiɗa tayil, iyali suka tare, sannan buƙatu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Yara suka so tasu talabijin, uwargidansa ta so tata a falon ciki, shi kuma yana son kallon labarai tare da baƙinsa a falon waje. Kafin shekara ta zagayo kwanonin setalayit uku sun hau rufin gidan, an yanka ragar taga a wuri biyu domin waya ta shiga, sauro da ƙurar hunturu suka sami ƙofa, baƙar waya kuma ta bi farin bango kamar yaɗon kabewa, an kakkafe ta da ƙananan ƙusoshi. Da abin ya dame shi sai ya sa aka sassaƙe bango aka binne wasu daga cikin wayoyin, amma har yau idan hasken yamma ya faɗo a falonsa ana ganin tabon inda aka yi faci. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma a gidan nan na fahimci maganar da idona.

Saboda haka a daren ranar, bayan sallar isha'i, na shimfiɗa zanen gidan a kan tabarma muka zauna da uwargida, muka bi ɗaki ɗaki muna tambayar wa zai zauna a nan, me yake saurara, kuma a wane lokaci. Nan take ya bayyana cewa hoto da sauti buƙatu ne daban. Wuraren da ake buƙatar talabijin uku ne kawai: falon baƙi, falon iyali, da ɗakinmu. Amma wuraren da ake son jin sauti sun kai shida, kuma mafi muhimmancinsu ma ban sa shi a lissafina ba sai da ita ta faɗa. Ta ce, "Maigida, ka manta da kicin. Duk watan azumi, daga azahar har zuwa shan ruwa a can nake, kuma lokacin ne ake tafsiri a rediyo. Wayata nake jinginawa a kan kanta, mai yana fantsamar mata." Da na je wurin Inna, wadda za ta tare da mu, na yi mata bayanin cewa za ta iya zaɓen abin da take so ta hanyar wayar hannu, sai ta girgiza kai ta ce, "Ni dai ka sa mini abin da nika murɗawa da hannuna." Ita da ta shafe shekaru tana kama Rima Rediyo da sashen Hausa na BBC a akwatinta mai batir, abin da take nema shi ne maɓalli guda a bango kusa da gadonta, ta ƙara murya ko ta rage ko ta kashe ba tare da ta kira jika ba. Wannan magana tata ta gyara mini tsarin gaba ɗaya, domin na gane cewa kowane ɗaki dole ne mai shi ya mallaki ikonsa a wurin da yake zaune.

Akwai kuma abin da littattafan masu sayar da waɗannan na'urori ba su san da shi ba, wato tsarin gidan Bahaushe. Falon baƙi na yau magajin zaure ne, yana da ƙofarsa daban, kuma abin da ke gudana a cikinsa bai kamata ya malala cikin gida ba, kamar yadda abin da ke cikin gida bai kamata ya fito wurin baƙi ba. Don haka na ware falon baƙi ya zama yanki mai cin gashin kansa, da nasa sauti da nasa hoto. Na kuma yanke shawarar cewa sauti zai riƙa tafiya ne daga na'ura zuwa ɗaki kaɗai, ba za a sa lasifika mai makirufo a sashen iyali ba, irin waɗanda ake yi wa magana su amsa, domin abin da ke sauraron umarni a kowane lokaci yana sauraron ɗakin ne, sirrin gida kuwa ya fi ƙarfin wannan ɗan sauƙi. Banɗaki ma na cire shi daga lissafi tun farko, tunda mafi yawan abin da za a saurara a gidan karatun Alƙur'ani ne da wa'azi.

Da muka gama da mutane sai na koma kan tambayar inda na'urorin za su zauna. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a zaɓi wuri ɗaya a gida, kowace waya ta tashi daga nan ta tafi ɗakinta kai tsaye, ba tare da an ratsa ta wani ɗaki an yi mata reshe ba. Amfanin haka shi ne idan waya ɗaya ta sami matsala sauran ba su san an yi ba, kuma duk wani canji da za a yi nan gaba a wuri guda za a yi shi. A Sakkwato zaɓen wannan wuri lamari ne na zafi kafin komai. Yawancin na'urorin gida an rubuta a takardunsu cewa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40. Mai aikin wuta ya ba da shawarar a ɓoye komai a saman silin domin kada a gani, na ce masa sam, domin sararin da ke tsakanin silin da kwanon rufi da tsakar rana tanda ce. Bangon yamma ma na guje shi, saboda yana shan rana tun daga azahar kuma yana riƙe zafin har tsakar dare. A ƙarshe muka yanki ɗan wuri a lungun da ke tsakiyar gida, kusa da sito, wanda babu bangonsa ko ɗaya da ke kallon rana, aka bar masa kafar iska ɗaya a ƙasa da ɗaya a sama, domin iska mai zafi sama take tashi ta fita, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Kafofin biyu za a sa musu raga mai laushi da za a iya cirewa a wanke, saboda ƙurar hunturu idan ta taru a cikin na'ura bargo take zame mata.

Daga nan sai maganar bututu, wadda ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce mafi arha a cikinsa. Masu aikin wuta a nan sun saba da bututun roba mai faɗin milimita 20, shi suke binnewa a ko'ina. Domin in nuna masa abin da nake nufi, na zo da wayar HDMI daga gida, wato wadda ke kai hoto da sauti daga dikoda zuwa talabijin, na ɗauki guntun bututun daga ƙasa na miƙa masa na ce, "Malam, don Allah zura wannan a ciki." Ya gwada, kan wayar ya tokare a bakin bututun, ya juya shi ta kowace fuska bai shiga ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Lalle wanga ba shi isa." Muka daidaita a kan milimita 25 ga wayoyin da ke zuwa ɗakuna, da milimita 32 a bayan kowace talabijin, daga akwatin da ke tsayin allon zuwa wanda ke ƙasa inda dikoda za ta zauna, ta yadda babu wayar da za a gani tana lilo. Na nemi kada bututu ya yi lanƙwasa fiye da biyu tsakanin akwati da akwati, kuma a lanƙwasa shi a hankali ba a karya shi kwana ba, domin a kwana waya take maƙalewa. Na nemi kada a cika shi fiye da rabi, kuma a bar igiya mai ƙarfi a cikin kowanne, wadda za a ja sabuwar waya da ita wata rana. Wayar HDMI kanta ta nuna dalili: wadda aka fitar a 2013 tana ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, ta 2017 kuma 48, wato a cikin shekara huɗu abin da ake ganin ya isa ya zama tsohon yayi. Waya tana tsufa, amma bututun da ke da fili yana nan muddin bangon yana tsaye.

Sharaɗin da muka fi daɗewa a kansa shi ne raba wayar wuta da wayar sauti da hoto. A wurinsa ɓarnar bututu ce a ja layi biyu zuwa wuri ɗaya. Na bayyana masa cewa wutar da ke gudana a wayar lantarki tana haifar da maganaɗisu a kewayenta, kuma idan wayar sauti ta yi doguwar tafiya manne da ita tana iya kwasar wannan ta mayar da shi gurnani a lasifika, ban da haɗarin da ke tattare da wuta mai bolt 230 ta haɗu da wayar da yaro zai iya taɓa bakinta. Muka bar tazarar kusan santimita 30 tsakanin layukan biyu a duk inda suka jera, inda kuma dole su haɗu sai ɗaya ya gitta ɗaya ya wuce.

Wayar da na fi dogara da ita a dukan gidan ita ce ta intanet da ake kira Cat6. A cikinta akwai siraran wayoyi takwas an murɗe su bibbiyu, kuma tana kai gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100, nisan da ya wuce buƙatar kowane gida irin namu. Na ja biyu zuwa bayan kowace talabijin, ɗaya zuwa kowane ɗakin kwana, biyu zuwa silin, ɗaya kuma har bakin ƙofar gida domin na'urar sallama, wadda baƙo zai danna a ji shi a ciki ba tare da an aiki yaro ba. A nan ne na yi asara ta farko. Na sayi kwali ɗaya mai mita 305 a wani shago, farashinsa ya yi mini daɗi, aka kawo wurin aiki. Wani matashi mai haɗa intanet da na gayyata ya duba aikin ya zaro silin waya ɗaya, ya fere robar, ya kankare shi da reza a gabana. Jan launin ya tafi, farin ƙarfe ya bayyana a ƙasa. Ya kunna ashana ya kara masa, silin ya lanƙwashe nan take kamar zare. Ya ce, "Baba, wannan alminiyam ne anka shafa wa jan ƙarfe." Irin wannan waya tana aiki a ranar farko, shi ya sa take yaudara, amma alminiyam bai kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba, yana ɗumama, kuma yana karyewa a bakin haɗi bayan an lanƙwasa shi sau kaɗan. Wayar da za a binne a bango shekara da shekaru ba wurin neman rangwame ba ce. Na mayar da kwalin, na ƙara kuɗi na karɓi na jan ƙarfe zalla, kuma tun daga ranar ban sake karɓar waya ba sai an kankare ta a gabana.

Game da rarraba hoto, na auna hanyoyi uku. Ta farko ita ce kowace talabijin ta sami dikodarta, a kawo mata siginar setalayit ta wayar kwano da ake kira RG6. Ta biyu ita ce a tara dikodoji a wuri ɗaya, a sa na'urar da ke karɓar hoto daga tushe da yawa ta aika wa kowace talabijin wanda ta zaɓa. Da yake wayar HDMI ta yau da kullum ba ta jure nisa, 'yan mitoci kaɗan take kai hoto mai kaifi lafiya, sai a yi amfani da fasahar HDBaseT, wadda aka fitar a 2010, mai ɗora hoto da sauti har da umarnin rimot a kan Cat6 guda, ta kai su mita 70 ko 100 gwargwadon na'urar. Ta uku ita ce a bar komai ga intanet, kowace talabijin ta jawo nata daga YouTube ko Netflix.

Hanya ta biyu ita ce ke burge mutum a takarda, amma da na dube ta da idon gidana sai na ga ta fi ƙarfin buƙatarmu. Dikoda ɗaya tasha ɗaya take nunawa a lokaci guda, ko talabijin nawa aka haɗa mata, don haka idan yara na son wasan yara, uwarsu na son Arewa24, ni kuma ina son labarai, dikoda uku dai za a saya ko a tara su ko a raba. Ga kuma tsarin kariyar da ke cikin HDMI domin hana kwafar finafinai, wanda kan sa allo ya yi baƙi idan na'urori biyu ba su fahimci juna ba, kuma ranar da na'urar tsakiya ta lalace dukan gidan ne zai rasa hoto a lokaci ɗaya, sai an jira an kawo wata daga Kano ko Legas. Hanya ta uku kuwa lissafin data ne ya rage mata ƙarfi, domin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya yana iya cin gigabait 3 a hoto mai kyau, ya kai 7 a mafi kaifi. A ninka wannan da talabijin uku da yawan kwanakin wata, za a ga dalilin da ya sa kwanon setalayit bai shirya barin rufin gidajenmu ba. Sai na ɗauki ta farko, na bar wa sauran biyun ƙofa: kowace talabijin tana da RG6 ɗaya da Cat6 biyu a bayanta. Wuri ɗaya kawai na yi niyyar amfani da HDBaseT, wato tsakanin falon iyali da wani akwati da na sa a barandar tsakar gida, domin ranar suna ko walima, ko daren da matasan gida suka taru kallon ƙwallo, a fito da talabijin waje ta nuna abin da ake gani a ciki.

Domin kada rufina ya zama irin na yayana, na tanadi wuri guda na kwano tun yanzu. Taurarin da ke watso talabijin suna tsaye ne a saman layin da ya raba duniya biyu, a nisan kusan kilomita 36,000, don haka daga Sakkwato kwano kudu yake fuskanta, ya karkata gabas ko yamma gwargwadon tauraron da ake nema. Wannan ya sa na matsar da tankin ruwa daga inda aka tsara masa, kuma dogon yaron da na yi niyyar shukawa a kudancin gida ya koma arewa. An zuba ɗan ginshiƙin kankare da ƙarfe a cikinsa inda za a ɗaure kwanon, saboda iskar da ke gabatar da ruwan farko a nan tana iya juya duk abin da aka kafe a jikin kwanon rufi. Daga nan wayoyin RG6 biyar suka gangaro zuwa lungun na'urori. Huɗu sun fito ne daga kan da ke gaban kwanon yana karɓar sigina, mai baki huɗu, wanda ke raba siginar tauraro zuwa kashinta huɗu ya miƙa wa na'urar rarrabawa, ita kuma ta ba kowace dikoda abin da ta nema kamar ita kaɗai ce a gidan. Ta biyar ta eriya ce, domin tashoshin gida.

Sauti shi ne ya fi cin lokacina, domin a nan ne kuskure ke ƙona kaya. Shawarar farko da aka ba ni ita ce a sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ɗaya babba a jona mata dukan lasifikokin gidan. Matsalar ita ce kowace lasifika tana da nauyin da take ɗora wa amfilifaya, wanda ake aunawa da om, kuma yawancin na gida om 8 ne. Idan aka jona biyu a baki ɗaya lissafin yana sauka zuwa 4, idan huɗu ne ya sauka zuwa 2, kuma duk saukar da ya yi amfilifaya tana ƙara jan wuta tana ƙara zafi, har ta kai inda za ta kashe kanta ko ta ƙone. Mafita biyu ce. Ɗaya mun san ta tun muna yara ko da ba mu san sunanta ba, domin ita ce ake amfani da ita a manyan masallatai: amfilifaya mai fitar da layin bolt 100, kowace lasifika da ƙaramar taransifoma a jikinta, a jera su da yawa a kan waya ɗaya mai tsawo, sharaɗin kawai kada jimillar wat ɗinsu ta wuce ƙarfin amfilifayar. Wannan tsari yana da juriya kuma yana fitar da magana tangaram, amma dukan layin abu ɗaya yake ji, kuma ƙananan taransifomomin kan rage kaurin sauti. Ɗayar mafitar ita ce amfilifaya mai bakuna da yawa, kowane ɗaki da nasa baki da nasa zaɓi. Ita na zaɓa, domin ina so Inna ta ji tafsiri a lokacin da ake jin labarai a falo.

Kaurin wayar lasifika ma lissafi ne. Doguwar waya siririya tana cinye wani kaso na ƙarfin kafin ya isa. Ga lasifika mai om 8, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 tana isa har kusan mita 17, mai 2.5 kuma ta kai kusan mita 28 kafin asarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari. Kicin da falon iyali suna kusa, 1.5 ta ishe su, amma ɗakin Inna da tsakar gida sai da 2.5. A ɗakin Inna wayar ta fara biyawa ta wani akwati a bango, a tsayin da hannunta zai kai tana zaune a bakin gado, inda maɓallin murɗawa zai zauna, sannan ta hau zuwa silin. Kicin lasifika ɗaya na ba shi, nesa da murhu domin hayaƙi da maiƙo, tunda karatu da labarai ba su buƙatar dama da hagu. A falo kuwa sai da muka daidaita da mai silin, kada ramin lasifika ya faɗo kusa da fanka, saboda fikafikanta suna yayyanka sauti. Kowace lasifikar silin za a yi mata akwati a bayanta, ya kare ta daga zafin rufi da ƙura da ɓeraye, kuma duk wayar da ta bi ta saman silin a cikin bututu take, domin ɓera ba ya barin roba. Ɗakin da ke da tayil a ƙasa da filasta a bango yana amsa kuwwa, kuma maganin wannan labule ne mai kauri da darduma da kujeru, ƙarin ƙarfin lasifika sai dai ya ƙara dagula shi.

Tsakar gida ta sa na yi tunani a kan maƙwabta. A lokacin bazara nan muke kwana, nan ake shan iska bayan magariba, don haka tana buƙatar sauti. Amma katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabcina, kuma akwai masallaci a bayan layinmu. Na sa a tanadi wurin ƙananan lasifikoki biyu masu jure ruwa a ƙarƙashin baranda, a ƙasa-ƙasa kusa da inda ake shimfiɗa tabarma, suna kallon ƙasa da cikin gida. Lasifikar da ke kusa da kunne ba ta buƙatar a ɗaga muryarta, wadda aka ɗora a saman katanga kuwa unguwa take yi wa magana. Maɓallin kashe ta yana bakin ƙofar baranda, inda duk wanda ya ji kiran salla zai kai hannu.

Wasu abokai sun ce mini duk wannan wahala ce, tunda akwai lasifikoki marasa waya. Ina da guda mai Bluetooth kuma ina jin daɗinta, amma ba ta wuce kusan mita 10, kuma da an kira wayar da ke haɗe da ita karatu ya yanke. Masu amfani da Wi-Fi irin na kamfanin Sonos suna iya daidaita ɗakuna da yawa su yi magana tare, sai dai ƙarfinsu yana ga ƙarfin Wi-Fi ɗin gidan, gidajenmu kuwa bulo ne mai inci 9 da kankare da rodi, waɗanda ke shanye sigina bango bayan bango. Wannan ne dalilin Cat6 biyun da na kai silin, ɗaya a sashen baƙi ɗaya a lungun ɗakunan kwana, inda za a maƙala na'urorin watsa Wi-Fi masu karɓar wutarsu ta cikin wayar intanet ɗin kanta, ba sai an kai musu soket ba.

Lungun na'urori ya sami layin wutarsa daban daga inbata, domin kada ɗaukewar wuta ta riƙa kashe komai tana tayarwa, kuma zan nemi amfilifaya ta zamani mai ƙarancin cin wuta da fitar da zafi, tunda batirin sola ne zai ɗauke ta da dare. An kafa sandar ƙarfe a ƙasa a gefen da ruwan wanke-wanke ke bi, saboda busasshiyar ƙasa irin tamu ba ta karɓar wuta da kyau sai da danshi, kuma za a haɗa ƙarfen kwano da wayoyinsa da wannan sanda. Tsawa ba sai ta faɗo a kan gida take ɓarna ba, ta faɗi a kusa ma tana iya biyo wayar kwano ta shiga dikoda, daga nan ta wuce talabijin.

Kwana ɗaya kafin a fara filasta na zo da tef na awo da wayata, na ɗauki hoton kowane bango tare da tef ɗin a miƙe, domin ranar da za a kafa ƙusa ko a rataye talabijin a san inda bututu ya bi. Muka toshe bakin kowane akwati da takardar buhun siminti, kada kwaɓi ya faɗa ciki ya daskare. Kowace waya na rubuta mata lamba a bakinta biyu, na shigar da lambobin a wani ƙaramin littafi tare da sunan ɗakin da ta nufa, suka kama 31. Har yanzu ban sayi amfilifaya ko dikoda ko lasifika ɗaya ba, kuɗin da ke hannu na tayil ne da ƙofofi, kuma yawancin akwatunan za a rufe su da farin murfi su jira lokacinsu. Mai aikin wuta ya karɓi littafin ya duba, ya nemi in bar shi ya ɗauki hoton shafukan, domin akwai wani gini da zai fara a Mabera. Waya mai lamba 1 ita ce ta ɗakin Inna, ta 2 kuma ta kicin, su ne nake fatan haɗawa kafin a ga watan azumi, in Allah ya yarda.